Tambaya da Amsa: Ƙashin Tsufa Tun Ana Budurwa Ake Tara Shi

Wasiƙun wannan fitowar a kan ƙashi suka taru. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita masu tsawo, kuma kamar kullum mun cire sunaye.

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 22. Kakata ta zame a banɗaki ta karye a kwatangwalo, dama bayanta ya daɗe da ranƙwafawa. A asibiti wata nas ta ce ni ma in fara kula da ƙashina tun yanzu. Ba ciwon tsofaffi ba ne wannan? — Ɗaliba, Kabuga

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya nas ɗin ta gaya miki. Ciwon da ake kira ostiyoforosis, wato zaizayewar ƙashi, a tsufa yake fitowa fili, amma tun ran gini tun ran zane.

Ƙashi ba busasshen icce ba ne, abu ne mai rai da jini ke ratsawa. Kullum wasu ƙwayoyin halitta suna kankare tsohon, wasu suna bin baya suna yaɓa sabo, kamar yadda ake wa katangar ƙasa bayan damina. Tun daga yarinta masu yaɓe sun fi masu kankara sauri, shi ya sa ƙashi ke ƙara kauri. Mace tana tara kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta kafin ta cika shekara 18, ragowar kuma ta ƙarasa kafin 30. Daga nan ba a ƙara wani abin kirki, sai dai a tattala abin da ke hannu. Lokacin da ginin ya fi gudu shi ne shekarun da ke kewaye da fara al'ada, wajen shekara 11 zuwa 14, don haka idan kina da ƙanne mata a wannan tsakanin, sun fi ki buƙatar wannan shafin.

Sinadarin istirojin da ƙwan mace ke samarwa shi ne ke taka wa masu kankara birki. Da al'ada ta ɗauke, wajen shekara 50, sai ya faɗi, mace ta riƙa asarar kusan kashi 2 cikin 100 na ƙashinta duk shekara na wasu shekaru. Wadda ta shiga wannan zangon da rumbu cike tana da abin zubarwa. Wadda ta shiga da rabi, ita ce cikin ƙashinta ke komawa kamar soso, ramuka sun yi yawa, ginshiƙai sun sirance. Abin da ya sa ciwon ke da mugunta shi ne ba ya zafi. Sai ranar da aka yi 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, wuyan hannu ko kwatangwalo ya karye. Ranƙwafawar Hajiya ma wataƙila karaya ce: gaɓoɓin ƙashin baya ne ke lotsewa ɗaya bayan ɗaya, tsawo ya ragu, a ce tsufa ne kawai. A duniya, mace 1 cikin 3 da suka haura 50 takan samu irin wannan karayar. Gado yana da hannu sosai, musamman idan uwa ko uba ya taɓa karyewa a kwatangwalo, don haka mahaifiyarki ma ta ga likita idan al'adarta ta ɗauke.

Likita, kullum ana cewa a sha madara. Ni 'ya'yana mata huɗu, kuma kin san yadda kuɗin gwangwani ya koma. Babu wani abinci namu na gida da zai tsaya a madadinta? — Wata uwa, Kurna

Akwai, Hajiya, kuma wasunsu suna cikin kicin ɗinki yanzu haka. Bari mu fara da abin da ake nema. Yarinya daga shekara 9 zuwa 18 tana buƙatar kalsiyam miligiram 1,300 a rana, mace daga 19 zuwa 50 kuma 1,000. Matsalarmu ita ce abincin da ke cika mana ciki kusan fanko ne ta wannan fannin. Shinkafa da masara ba su da wani kalsiyam na a zo a gani, gero ya ɗan fi su amma da kaɗan. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, aka wallafa a 1999, ya gano yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe suna samun kusan miligiram 200 ne kacal a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Tuwon da ake ci a can, shi ake ci a nan.

Na farko, nono da kindirmo. Kofi ɗaya na mililita 250 yana ba da kusan miligiram 300, daidai da madarar gari cokali 3 da aka cika. Cire man shanu ba ya rage kalsiyam, don ba a cikin mai yake zaune ba, saboda haka nonon da aka kaɗa bai gaza kindirmo ba. Abin da ke rage shi ruwa ne: nonon da aka tsinka ya koma tsararo, rabin amfaninsa ya tafi. Ki saya wurin wadda kika sani, ki kuma tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara tana ɗauke da cututtukan shanu har da tarin fuka. Wadda madara ke kumbura wa ciki, sau da yawa kindirmo ba ya damunta, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar. A kula da garin da ake sayarwa a awo don haɗa shayi: wani ba madara ba ce, man itace ne da sitaci, farin ne kawai.

Na biyu, kuka. Mutane suna raina miyar kuka, alhali busasshen ganyenta yana cikin abinci mafi kalsiyam a ƙasar nan. Gari cokali 2, wato kamar giram 10, yana ɗauke da miligiram 150 zuwa 200. Busasshen zogale ma haka yake. Sai dai a yi lissafi da kai ɗaya ɗaya: cokali 3 a tukunyar mutum goma ba komai ba ne. A kaɗa miyar da kauri. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwano ɗaya yana kawo kusan 200.

Na uku, kifin da ake ci da ƙayarsa. Gwangwanin sadin ɗaya ya kai miligiram 300, muddin ba a zare ƙashin tsakiyar an yar ba, don a nan amfanin yake. Ƙananan busassun kifi da kirefish, a daka su gaba ɗaya har kai, a zuba a miya. Sai riɗi wanda ba a surfe ba, cokali ɗaya kusan 90; ki sayo awo, a yi wa yara kantu. Wake da kuɓewa suna ƙarawa kaɗan kaɗan.

Yanzu ki haɗa: fura da nono kofi ɗaya da rana, kwaɗon zogale da la'asar, miyar kuka mai kauri da dakakken kifi da dare, kantun riɗi a aljihu. An doshi 800 zuwa 900 ba tare da an buɗe gwangwanin madara ba. Ga 'yan matan da ke tsakiyar girma, a ƙara musu kofi na biyu.

Abu biyu da ke yaudarar mutane. Alayyafo yana da kalsiyam a takarda, amma yana da wani sinadari mai suna okzalet da ke riƙe shi a hanji, kaɗan ne ke shiga jini. A ci don sauran amfaninsa, kada a dogara da shi. Awara kuma ta danganta da abin da aka haɗa ta da shi. Wadda ake cewa tana da kalsiyam da yawa, da gishirin kalsiyam ake daskarar da ita. Tamu da ake yi da ruwan tsami ko tsamiya, furotin ce mai kyau, amma kalsiyam ɗinta bai kai na waccan ba. Sannan a rage gishiri da magi, domin duk gishirin da ƙoda ta fitar yana jan kalsiyam su fita tare a fitsari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Kanwa ma dangin gishiri ce, ba ta gina ƙashi.

An ce farfesun ƙashi da bargo suna ƙara ƙarfin ƙashi, kuma mai ciki ta ci farar ƙasa don kalsiyam. Haka ne? — Malamar makaranta, Sharaɗa

Farfesu a sha don daɗi da furotin. Ko an kwana ana tafasa ƙashin saniya, kalsiyam kaɗan ne ke narkewa cikin romon, bargo kuwa kitse ne. Farar ƙasa kam a bar ta. An sha samun dalma da sauran guba a irin wannan ƙasar da ake ci, tana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, tana kuma kawo taurin bayan gida. Yawan kwaɗayinta ma kan zama alamar ƙarancin jini, sai a faɗa a wurin awo a gwada.

Likita don Allah a rufa min asiri. Bikina saura wata huɗu, ni kuma siririya ce. Ƙawata ta ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, wata biyu ke nan ina sha biyu safe biyu dare. Na ciko, amma fuskata ta fi ko'ina, kuma bayana ya fara ciwo. — Amarya, Gwammaja

'Yar uwa, cikin wasiƙun nan taki ce mai gaggawa. Bayanin da kika yi ya yi kama da deksametason, wanda ake kira deksa ko sha-ka-fashe. Kada ki daina shi yau da kanki. Ki ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ki je asibiti cikin makon nan.

Dalili shi ne, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe bugun jini da sukari. Idan aka shafe makonni ana shan deksa, sai ta kwanta barci don an karɓe mata aiki. A yanke maganin rana ɗaya, jiki ya wayi gari babu na waje babu na ciki: kasala, amai, jiri, faɗuwar jini, har suma, kuma ana mutuwa a haka. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni har ta farka.

Ga lissafin abin da kike sha. Ƙwayar da aka fi sayarwa rabin miligiram ce, huɗu a rana miligiram 2 ke nan, wanda ya yi daidai da kusan miligiram 13 na firednisolon, wani magani ɗan uwan deksa. Likitoci sukan fara damuwa da ƙashi ne idan mutum ya sha firednisolon miligiram 5 a rana na wata 3. Kin kusa ninka wannan sau uku. Wannan dangin magani yana kashe gwiwar ƙwayoyin da ke yaɓa sabon ƙashi, yana rage tsotsar kalsiyam a hanji, yana ƙara zubarsa a fitsari, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. Ƙashin baya yake fara ci, shi ya sa ciwon bayanki yake buƙatar hoto. Yana kuma iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya ya mutu, mace 'yar shekara 25 ta koma ɗingishi, wani lokaci sai an sauya mata kwatangwalo.

Ƙibar ma ba ta gaskiya ba ce. Ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska, ciki da doron wuya, yayin da naman cinya da damtse ke narkewa. Sai nankarwa mai faɗi, ƙuraje, hawan jini, ciwon sukari da rikicewar al'ada. Ki nemi a auna miki jini da sukari tun a zuwan farko.

Masu shan haɗin gyaran jiki da ba a rubuta abin da ke ciki ba, ku lura: duk tsumi ko garin da ya kumbura fuska cikin mako biyu, a yi zargin an daka wannan ƙwayar a ciki. Man bilicin masu ɗauke da kulobetasol ko betametason ma dangi ɗaya ne, kuma idan ana shafe jiki duka da su wata da watanni suna ratsa fata su shiga jini. Wadda likita ya ɗora a kan irin wannan magani saboda asma ko wani ciwo, ta ci gaba da sha, ta dai tambaye shi abin da za a yi don kare ƙashinta.

Ba na fita sai da lalura, in zan fita kuma da niƙabi da safa. Gidanmu bene ne. Kwana biyu ina fama da ciwon ƙugu da cinyoyi, tashi daga tabarma sai na dafa bango. An ce sanyin ƙashi ne. — Matar aure, Hotoro

Malama, "sanyin ƙashi" buhu ne da ake zuba ciwuka iri iri a ciki. Abin da kika kwatanta, ciwo a ƙugu da cinya tare da raunin tashi, ya kamata a duba ko laushin ƙashi ne na ƙarancin bitamin D. Ya bambanta da zaizayewa: shi yana zafi, kuma yana warkewa da magani. Ba tare da bitamin D ba, hanji kaɗan yake tsotsa daga kalsiyam ɗin da aka ci, sai sabon ƙashi ya kasa ƙanƙarewa, kamar bulon da aka yi wa rowar siminti.

Abin mamaki ne a yi wannan ƙarancin a Kano, amma ana yi, domin fata ce ke haɗa bitamin ɗin idan rana ta taɓa ta kai tsaye. Tufafi yana tarewa, gilashin taga yana tarewa, ƙurar hunturu tana ragewa, kuma fata mai duhu ta fi fara buƙatar lokaci. Ba sai kin taɓa suturarki ta fita ba. Tsakar gida, baranda mai katanga ko saman bene ya isa: hannuwa zuwa kafaɗa da ƙafafu zuwa gwiwa a buɗe, minti 20 zuwa 30, sau 3 ko 4 a mako, daga hantsi wajen ƙarfe 10. Ranar sassafe da ake yawan yabo ba ta da ƙarfin yin wannan aikin. Ki haɗa da shanya ko tsintar shinkafa.

A abinci, kifi mai mai irin taitus da sadin, gwaiduwar ƙwai da hanta suna taimakawa, amma da wuya su isa su kaɗai. Abin da ake buƙata a rana awo 600 ne na ma'aunin IU da ake rubutawa a kwali. Tunda ke kina da alamu, a yi gwajin bitamin D, kalsiyam da fosfet a jini kafin magani. Kada ki sayi mai awo 50,000 ki riƙa sha kullum. A mako sau ɗaya ake ba da shi na ɗan lokaci, kuma idan ya yi yawa yana taruwa a jiki ya cutar da ƙoda.

'Ya'yana uku cikin shekara biyar, ina shayar da na ukun. Na fara allurar tazara ta wata uku, sai wata ta ce tana cinye ƙashi. In daina? — Mai jego, Rijiyar Lemo

Kada ki daina kafin ki samu madadinta. Gaskiya ne alluran tazara na wata uku, wato Depo-Provera da Sayana Press, suna rage istirojin, kuma ƙashi kan ragu da 'yan kashi kaɗan cikin 100 a shekarun farko. Amma mafi yawansa yana dawowa bayan an daina, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa mata 'yan shekara 18 zuwa 45 iyakar lokacin amfani da ita ba. Masu buƙatar a sake tunani su ne 'yan ƙasa da 18 da ke tsakiyar gini, waɗanda suka haura 45, da wadda ke da wani abin da ke cin ƙashi, kamar shan firednisolon ko tarihin karaya. Ga irin waɗannan akwai ashanar hannu da robar mahaifa, waɗanda ba a san su da wannan illar ba.

Shayarwa ita ma tana aron kalsiyam daga ƙashin uwa, sama da miligiram 200 a rana ke fita a nono, kuma ƙashin baya kan ragu da kashi 3 zuwa 7 cikin 100 a wata 6. Wannan tsarin halitta ne, shan ƙwayar kalsiyam ba ya hana shi, kuma jiki yana biyan bashin cikin wata 6 zuwa shekara bayan yaye ko dawowar al'ada. Ba dalilin rage shayarwa ba ne ko kaɗan. Abin da jikinki ke nema hutu ne da abinci, shi ya sa ake ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Ta wannan fuskar allurar tana yi miki aiki.

Tunda an zo nan, ga bayani kan ƙwayar kalsiyam da ake bayarwa a awo. A karanta kwali. Kalsiyam laktet mai miligiram 300, ainihin kalsiyam ɗin da ke ciki bai kai 40 ba. Kalsiyam kabonet mai 1,250 yana ba da 500, kuma da abinci ake shan sa don sai da tsamin ciki yake narkewa. Jiki ba ya karɓar fiye da 500 zuwa 600 a zama ɗaya, sai a rarraba. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifirofuloksasin, ko maganin maƙoƙo. A bar awa 2 zuwa 4 a tsakani. Wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda ta faɗa wa likita tukun.

Ina rage ƙiba, na bar cin abincin dare da na safe, na zubar da kilo 14. Wata biyar ban ga al'ada ba kuma ba ciki. Wane motsa jiki ya dace, kuma in je a yi min hoton ƙashi? — Ma'aikaciyar banki, Nasarawa

Batun al'adar ya fi motsa jikin gaggawa. Idan jiki ya ga abinci ya yi ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa tana kashe aikin ƙwan mace, istirojin ya faɗi, ƙashi ya fara zuba kamar na 'yar shekara 50, a lokacin da ya kamata yana ƙaruwa. Duk wadda ta yi wata 3 babu al'ada, ba ciki ba shayarwa ba allura, ta ga likitan mata, a duba sinadarin nono, maƙoƙo da aikin ƙwai. A wurinki maganin farko shi ne a dawo da cin abinci sau uku, a tsayar da ramar. Shayin rage ƙiba a ajiye shi, yawancinsa gudawa da fitsari kawai yake sawa.

Bayan an daidaita wannan, motsin da ƙashi ke amsawa shi ne wanda ke ɗora masa nauyi ko dira: tsallen igiya, hawa bene da ƙafa, tafiya da sauri, tsugunawa da miƙewa sau 10 zuwa 15 a zagaye 3, da ɗaga nauyi kwana 2 a mako, ko da jarkar ruwa ce mai lita 5. Tsalle 20 safe da yamma ya isa farawa. Daka a turmi da jan guga suna yi wa hannu da baya wannan aikin, injin niƙa da famfo ne suka karɓe shi. Iyo da keke suna da kyau ga zuciya, amma ba sa ɗora wa ƙashi nauyi. Yara mata a bar su su yi 'yar gala-gala da tsallen igiyarsu. Shisha da sigari kuwa suna rage istirojin suna raunana ƙashi.

Hoton asibiti na yau da kullum ba ya nuna zaizayewa sai an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100. Na'urar da ke aunawa daidai ita ce DXA, tana auna ƙashin baya da kwatangwalo cikin 'yan mintuna ba tare da allura ba. Ba kowace matashiya ke buƙatarsa ba. Ana yi wa wadda ta karye daga faɗuwar tsaye, wadda ta daɗe a kan firednisolon ko wasu magungunan farfaɗiya, wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 ko ta tsaya wata 6 zuwa sama, da wasu masu sikila. Ke kina bakin wannan layin. Ki fara da likitan mata, a asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko wanda ya fi kusa da ke. Idan ya ga akwai buƙata, shi zai tura ki wurin likitocin ƙashi, kamar na Dala, ya kuma gaya miki inda ake yin gwajin. Ki tafi da ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe a rubuce, da kwalin duk wani shayi ko magani da kika sha a watannin nan.